Ba Mara Lafiya Ne Ya Gudu Daga Asibiti Ba, Mu Ne Muke Janye Shi



Akwai wata magana da ta kama bakinmu a Sabo da Shasha da Bodija da Ojoo da Akinyele. Duk ranar da ɗan uwa mai taɓin hankali ya sake birkicewa bayan an ga ya samu sauƙi, abin da za ka ji shi ne, "Ai shi ya ƙi shan magani," ko kuma, "An kai shi asibiti, bai yi ba." Da wannan ake rufe zancen, kowa ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa. Ni na ce wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma zalunci ce a kan mutumin da ba ya iya kare kansa.

Ku duba da kyau. Mai wannan larura ba shi ke riƙe da kuɗin magani ba. Ba shi ke ajiye katin asibiti ba. Sau da yawa ba ya jin yaren da likita yake yi. Ba shi ke yanke shawarar ya zauna a Badun ko a sa shi a mota zuwa Arewa ba. Yayansa ne, ko mijinta, ko ubangidansa a kasuwa, ko dattijon unguwa. To idan duk igiyoyin suna hannun wasu, me ya sa idan magani ya yanke sai a ɗora laifin a kan shi kaɗai?

Mu fara da kalmar da ta fi kowace yi mana ɓarna, wato "ya warke". An kai mutum asibiti yana surutai, ba ya barci, yana jin muryoyin da babu mai jin su. An ba shi magani, bayan mako uku ko wata guda ya natsu, ya gane mutane, ya koma sallah a jam'i. Nan take sai wani ya ce, "Alhamdulillahi, ya warke, a daina ba shi ƙwayar nan kada ta zame masa jiki." Wannan natsuwar da aka gani alama ce ta cewa magani ya fara aiki, ba alama ce ta cewa ya gama ba. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya ya nuna cewa wanda ya yi irin wannan rikicewa karo na farko ya kamata ya ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamomin sun ɓace gaba ɗaya, wanda kuwa ciwon ya sha dawo masa yana buƙatar fiye da haka. Maganin ciwon damuwa shi ma yakan ɗauki makonni kafin a fara jin amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi watanni da dama bayan an ji sauƙi. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa maganin taɓin hankali da wuri ciwon yana dawo musu, kuma dawowar takan fi ta farko wuyar sha'ani. Mai farfaɗiya kuwa, yanke masa magani farat ɗaya na iya jawo masa faɗuwar da za ta ɗauki ransa.

Abin mamaki, mun san wannan ka'ida a wasu cututtuka. Babu wanda zai ce wa Alhaji mai hawan jini ya daina shan ƙwayarsa don yau kansa ba ya ciwo. Babu mai ce wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa. Mun san maganin tarin fuka wata 6 ne, kuma mun san wanda ya tsaya a wata na biyu don tari ya lafa ya jawo wa kansa da iyalinsa. Sai an zo kan ƙwaƙwalwa ne kowa yake zama likita.

Abu na biyu shi ne al'adar nan tamu ta "a mayar da shi gida". Ku faɗi gaskiya, idan ɗan dako ko ɗan acaɓa ko mai gadi ya samu wannan larura a nan, me muke fara yi? Karo-karo. Kuma ba ma ɓata lokaci, kafin la'asar kuɗi sun haɗu. Amma kuɗin me? Kuɗin mota. A samo wani ya raka shi, a ɗora shi a motar da ta sauke tumatir ko shanu za ta koma Arewa, a ce Allah Ya kiyaye hanya. Muna kiran wannan taimako. Wani lokaci taimakon ne, domin mutum a gaban mahaifiyarsa ya fi samun kulawa a kan ɗakin da mutum takwas suke kwana. Amma sau nawa aka koma wurin likitan da ya fara duba shi aka karɓi takardar da ke bayyana ciwonsa da sunan maganinsa da yawan abin da yake sha? Sau nawa aka haɗa shi da maganin wata biyu? Sau nawa aka faɗa wa danginsa cewa akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga wanda ya fi kusa da ku? Ana sauke shi a ƙauye da leda ɗaya ta ƙwayoyi marasa kwali, ta ƙare cikin kwana goma, babu wanda ya san sunanta. Bayan wata uku sai labari ya zo cewa an ɗaure shi a turke. Wannan ba mayar da shi gida ba ne, kawar da shi ne daga idonmu don mu samu barci.

Ko ba a kore shi ba, rayuwarmu ta zirga-zirga ce. Ɗan ci-rani yana komawa noma da faɗuwar damina. Kowa yana son yin Sallah a gida. Matar da ta haihu ana tura ta wankan jego wurin iyayenta, alhali bayan haihuwa na daga cikin lokutan da ciwon damuwa da rikicewar hankali suka fi kama mata. Ranar komawa asibiti tana zuwa mutum yana Funtuwa ko Illela. Idan ya dawo, kunyar haɗa ido da likita ta hana shi komawa. Tafiya ba laifi ba ce. Laifin shi ne tafiya ba shiri, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku, maganin yana da wahalarsa, kuma duk wanda ya ce ba shi da ita bai faɗi gaskiya ba. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, waɗanda suka fi araha kuma aka fi rubuta wa talaka, suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba, barci ya yi yawa. Olanzapine na sa ƙiba da yawan ci. Amitriptyline na busar da baki. Wasu suna rage wa namiji ƙarfinsa, wasu suna rikita wa mace al'adarta. Yanzu ka ɗauki mahaucin da ke aiki da wuƙa, ko ɗan acaɓan da ke ratsa Mokola da safe, ka ba shi abin da zai sa shi gyangyaɗi. Ka ɗauki magidancin da ya kasa kusantar iyalinsa, ba kuma zai iya furta wannan a gaban nas mace da ƙaninsa da ya rako shi ba. Me kake tsammani zai yi? Zai ajiye maganin a ƙarƙashin katifa ya yi shiru.

Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, kusan duk waɗannan matsaloli suna da gyara. Likita na iya rage yawan maganin, ko ya mayar da shi na dare, ko ya canza wani, ko ya ƙara wanda ke sake jijiyoyi. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya duk bayan mako biyu zuwa huɗu ga wanda shan ƙwaya kullum yake yi wa wuya. Mai son yin azumi yana iya zuwa tun kafin watan ya kama a tsara masa lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki, ko a gaya masa gaskiya idan jikinsa ba zai ɗauka ba. Amma duk wannan sai an koma an yi magana. Har ma akwai wani ruɗani: maganin sandarewar jiki da likita ke rubutawa, benzhexol, shi ne wanda yaran banza suke sha a matsayin Exol. Sai uba ya gani a ledar ɗansa ya ce asibiti na so ta mayar masa da yaro ɗan ƙwaya, ya watsar da ledar gaba ɗaya. Da an yi masa bayanin minti biyu da Hausa, da bai yi haka ba.

Nan ne ma'aikatan lafiya su ma suke da nasu kason, kuma ba zan rufa musu ba. Mutum ya bar sana'arsa tun asuba, ya yi layin kati, ya yi layin biya, ya yi layin ganin likita, sannan a sallame shi cikin 'yan mintuna da Turanci ko Yarabanci. Yau wannan likita, wata mai zuwa wani daban, a sake tambayarsa labarinsa daga farko. Matar da ba ta jin yaren sai ta bakin mijinta za ta yi magana, alhali wataƙila shi ne rabin damuwarta. Wani ma'aikacin da ya ga hula da doguwar riga ya riga ya yanke hukunci cewa ƙwaya ce, tun kafin a buɗe baki. Ciwon ƙwaƙwalwa ba kamar karaya ba ne da za a ɗauki hoto a gani. Da magana ake gano shi, da magana ake bin sa. Inda babu yare ɗaya, rabin maganin ya zube tun a bakin ƙofa. Amma tambayar da nake yi mana ita ce: a cikinmu babu masu jin Yarabanci kamar Yarbawa? Waɗanda aka haifa a Sabo, kakanninsu ma a nan aka binne su, ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejoji, suna ina? Idan ɗan kasuwa ya samu matsala da 'yan sanda, cikin awa ɗaya an samu mai yi masa tafinta. Mara lafiya ne kaɗai ba shi da wannan gata.

Abu na huɗu kuɗi ne, kuma babu mai musun sa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da kuɗin magani suka yi tashin gwauron zabo. Ga mai cin abinci daga abin da ya samu a yini, ranar asibiti asara uku ce: kuɗin mota na mutum biyu, kuɗin magani, da cinikin da bai yi ba shi da mai raka shi. Daga nan sai dabaru su fara: a raba ƙwaya biyu, a sha yau a tsallake gobe, a je kemis a ce a ba da "mai kama da wannan". Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce al'ummar da ke cika tireloli da shanu da albasa da wake, al'ummar da ke da 'yan canji a Sabo, wadda ke tara kuɗin biki da na suna da na tarbar ɗan siyasa, ta rasa kuɗin ƙwayar wata ɗaya ga 'yan tsirarun marasa lafiyarta. Kuma mu yi lissafi: kuɗin maganin shekara guda na mutumin da ya natsu yana sana'arsa, da kuɗin kwantar da shi idan ya birkice, da kayan mutane da zai fasa, da belinsa, da jarinsa da zai narke, da iyalinsa da za su dawo wuyan dangi, wanne ya fi yawa? Rowar da muke yi ita ce ta fi tsada.

Abu na biyar shi ne wanda mutane ba sa son a taɓa, amma sai na taɓa. Babu Musulmin da zai ce addu'a ba ta da amfani, kuma ba ni da ja da malamin da ke yi wa mara lafiya ruƙiyya yana kwantar masa da hankali. Rigimata da mutum ɗaya ce: wanda zai dubi iyalin mara lafiya ya ce, "Sai kun ajiye na asibiti kafin nawa ya ci." Wannan mutum, ko wane ne shi, ko me ya karanta, yana wasa da ran ɗan Adam. Malamanmu na gaskiya sun karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Wace addu'a ce ƙwaya take hana ta hawa sama? Idan ciwon ya dawo, wannan mutumin ba ya biyan ko sisi, cewa zai yi aljanin ne ya yi taurin kai, a kawo wani kuɗin. Mun kuma ga inda wannan hanya take kaiwa idan ta yi nisa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamba na shekarar, a nan Ojoo, an fito da mutum 259 daga wani irinsa. Ba daga sama suka faɗo ciki ba, danginsu ne suka kai da yawa daga cikinsu, da kuɗinsu, suna ganin gata suke yi musu.

Kuma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. A wannan gari namu, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike da aka yi a Badun da Kumasi ta Ghana, aka buga shi a 2020. An haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba mara lafiya tare, ma'aikacin lafiya yana zuwa da magani har wurin da ake jinyar. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Tun kafin wannan, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta: mara lafiya ya zo da ɗan uwansa, su sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, da rana a yi masa magani, da dare ya kwana cikin jama'a. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ginshiƙin tsarin nasa shi ne ɗan uwan da ke tsaye a gefen mara lafiya. Fiye da shekara 70 ke nan da aka gane haka a maƙwabtanmu, mu da muke alfahari da zumunci har yanzu muna sa namu a motar tumatir.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai kunya. Uwa tana hana 'yarta komawa asibiti don kada a gan ta a layin masu taɓin hankali maneminta ya fasa. Magidanci yana tsoron a ce masa mahaukaci a daina ba shi bashin kaya. Wa ya ƙirƙiri wannan tsoro? Bakinmu ne. Mu ne muke zama a teburin mai shayi muna cewa, "Wane ai an taɓa kai shi Aro." Mu ne muke bin mutum da wannan suna shekara goma bayan ya samu lafiya. Sakamakon kuwa a bayyane yake: an ɓoye ciwon an yanke magani don a rufa asiri, a yi auren, ciwon ya tashi a gidan miji, asirin ya tonu ta hanya mafi muni. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Na san wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. Tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci a takarda, amma har yau da wuya ka samu wannan kulawa a asibitin unguwa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙin a mutunta shi. Mu ci gaba da matsa wa gwamnati ta aiwatar. Amma ɗan uwan da maganinsa zai ƙare ranar Alhamis ba zai jira kasafin kuɗi ba. Mu da muke zaune a garin da ke da asibitin koyarwa na UCH, ga Aro ba nisa, mun fi miliyoyin 'yan uwanmu na ƙauyukan Arewa kusa da likita. Ba mu da hujjar da suke da ita.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a zama na gaba, kuma ina roƙon kowa ya zo da shirinsa.

Na ɗaya, a ware wani kaso na kuɗin wata-wata a matsayin asusun magani, a riƙa biyan kemis ko asibiti kai tsaye, mutum biyu amintattu kaɗai su san sunayen masu amfana.

Na biyu, a rubuta sunayen masu jin Yarabanci da Turanci, maza da mata, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya bi da bi. Mace ta raka mace. Wanda ya fitar da sirrin da ya ji a ɗakin likita a cire shi, a kuma faɗi dalili.

Na uku, kada ƙungiya ta sake sa ko kwabo a kuɗin motar mayar da mai wannan larura gida sai an ga takardar likita, da maganin da zai kai shi aƙalla wata guda, da sunan asibitin da zai ci gaba da zuwa, da lambar wanda zai karɓe shi.

Na huɗu, mu roƙi limamanmu su faɗa a kan mumbari, da bakinsu, cewa addu'a da maganin asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma babu wanda ke da ikon dakatar da magani sai likitan da ya rubuta shi.

Na biyar, shugabanni su nemi zama da hukumar inshorar lafiya ta Jihar Oyo kan yi wa 'yan ƙungiya rajista, su kuma nemi asibitocin da mutanenmu suka fi zuwa su amince da masu yi mana tafinta.

Kai kuma ɗan uwa da kake shan wannan magani kana karanta wannan rubutu a ɓoye, ko ke 'yar uwa: idan yana wahalar da kai, koma ka faɗa, haƙƙinka ne a saurare ka a gyara maka. Idan ka riga ka daina, ko wata nawa aka yi, ɗauki katinka ka koma, ba kai ne na farko ba. Idan kuwa zuciyarka ta fara raya maka ka cutar da kanka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai, faɗa wa wanda ka yarda da shi a kai ka asibiti a ranar.

Wanda yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ga fili nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa cikin mutunci. Amma don Allah kada wanda ya sake cewa "shi ya ƙi shan magani" sai ya fara gaya mana sau nawa ya raka shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya